Ranar da Muka Tona Cibiyar Tafki

Duk shekara idan ruwan farko ya sauka, nakan jawo tabarma in fito ƙofar gida da la'asar sakaliya in kasa kunne. Iyalina sun yi tambaya har sun gaji, yanzu sai dai su miƙo mini buta su koma ciki. Kukan kwaɗi nake jira. A zamanin ƙuruciyarmu, a ƙauyenmu da ke can bayan Alelu, ba a jiran wannan kuka, shi ke iske mutum duk inda yake. Da ƙasa ta jiƙa, tafkin bayan gari zai ɗauka gaba ɗaya. Ƙananan kwaɗi su fara da 'yar siririyar murya, burduddugi ya shigo da tasa mai kauri, har sai liman ya ƙara murya kafin sahun baya su ji kabbara. Yau kuwa abin da kunnena ke samu shi ne ƙarar babura da injin mai cajin waya. Nakan zauna ina ɗora wa zamani laifi kamar sauran tsofaffi, alhali na san inda laifin yake. Kaso mai tsoka nasa yana wuyana, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Tafkin nan ba wani babba ba ne. Wanda ya saba da gulbin Jega zai iya yi masa dariya. Amma mu a nan muka tashi, a nan muka sha duka, a nan muka koyi iyo ba da sanin iyayenmu ba. Da hantsi mu kai jakuna su sha, mata su baje wanki a kan ciyawa, Fulani su gangaro da shanu ta ɗaya gefen suna yi musu magana kamar mutane. Bado ya rufe rabin ruwan da faffaɗan ganye, kainuwa tana yawo duk inda iska ta ga dama. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, ka rantse an manta da shi a wurin ne, sai ka ga ya soka baki ya fito da kifi. Kirinjijiya kan wuce a jere suna fito. Kififiya ta hau wani ruɓaɓɓen kututture tana shan hantsi, da ta ji motsinmu ta sulale. Matsattsaku kuwa ba su bar kowa ba, har ɗan mai gari sun sha jininsa, kuma wannan ya yi mana daɗi ƙwarai. Yaran yanzu suna da abubuwan da ba mu taɓa mafarkinsu ba, ban hana ba, amma ba su san ƙamshin laka idan rana ta fara dukanta ba.

Kakata ta wajen uwa maginiyar tukwane ce, daga wajen Kuberi aka auro ta. Aikina shi ne in bi ta da kwando mu ɗebo yumɓu a bakin tafki. Ba ta yi boko ba, ko allo ba ta yi nisa ba, amma ban taɓa samun malami kamarta ba. Idan ta zauna gini sai ta gutsuro mini curi ta ce in gina abin da na gani yau. In gina kwaɗo in kai mata ina taƙama. Sai ta juya shi a tafin hannu ta taɓe baki.

"Mai gidana, wanga kwaɗo na ko akuya? Yatsu nawa ag gare shi ga hannu?"

In ce biyar. Ta ce in koma in ƙirga. In koma in kwanta rub da ciki a laka har in samu wanda ya yarda ya tsaya, in tarar huɗu ne a gaba, biyar a baya. Haka ta riƙa kora ni tafki a kan idon kaguwa, a kan fiffiken mazari, a kan yadda 'ya'yan kwaɗi ke fara tsirar da ƙafar baya kafin ta gaba. Cewa take yi baki yana iya cewa ya gani, amma hannu shi ke tona asirin wanda bai duba ba. Ni a lokacin wasa na ɗauke shi, ban san karatu take ba ni ba.

Akwai doka ɗaya a tafkin wadda kowa ya sani. Idan bazara ta yi ruwa ya ƙafe, ana haƙar ƙasar tubali a gefe-gefe yadda aka ga dama, amma ba a taɓa tsakiya, inda muke kira cibiya. Wurin baƙar laka ce mai santsi, idan ta bushe sai ta tsattsage. Babu mai gadi, babu tara, kawai ba a yi. Kaka da kanta, wadda ta fi kowa sanin cewa yumɓun da ya fi kyau yana can, ba ta taɓa sa fartanya a wurin ba. Takan ce tafki tukunya ce babba, cibiya kuwa ita ce gindinta.

Wata bazara ni kuma ƙafa ta kai ni. Ina yawo a kan busasshiyar lakar sai na ga wani ɗan rami kamar an soka yatsa. Na sa sanda na haƙa kewaye, na ciro curi guda mai nauyi, gefensa ya ɓalle, sai ga wani abu a naɗe cikin wata siririyar fata kamar busasshen ganye. Gaiwa ce, kifin nan mai dogon jiki da ke shigewa laka ta yi barci idan ruwa ya tafi. Na rungumo curin na sheƙo gida ina lissafin romo. Kaka tana ganina ta ajiye abin da ke hannunta.

"Ina kaɗ ɗauko ta?"

Baƙar lakar da ke ƙafata ta riga ta ba da amsa.

"Kwana takai, tana jiran ruwa awa yadda muke jira. Kai ka tashe ta, to kai za ka tsare ta. Ka jiya?"

Ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta liƙe inda ya ɓalle da ɗanyen yumɓu, ta bar ɗan ramin numfashi a sama, ta sa curin a wani fasasshen kasko a inuwar rumbu. Kusan wata biyu ina gadin curin ƙasa. In kori kaji, in kori akuya, in kori ƙannena. Abokaina suka sa mini suna mijin gaiwa. Kullum ina cewa a raina ta mutu, wahala kawai tsohuwar nan ke ba ni. Ranar da aka yi ruwa na biyu mai ƙarfi, tafki ya kawo, Kaka ta ce in ɗauko. Muka ajiye curin a bakin ruwa inda bai kai gwiwa ba, muka tsuguna. Laka ta fara narkewa. Can sai abin ya motsa, ya warware a hankali, ya ɗago kai ya ja iska da wani ɗan ƙara, sannan ya karkaɗa jiki ya shige cikin bado. Na fashe da kuka, ban san dalili ba. Kaka ta ce, "To, ka gani da idonka," ta miƙe ta kaɗe zaninta muka koma gida.

Da na girma Allah ya yi ni malamin firamare, aka kuma dawo da ni garinmu. Littafin da aka ba mu yana da hoton kwaɗo guda ɗaya, shi ma an buga shi ya yi baƙi ƙirin. Sai na ce me zai sa in nuna wa yara wannan alhali na gaske suna bayan makaranta. Duk ranar Alhamis, lokacin aikin hannu, nakan jera su mu gangara tafki. Kowa ya zaɓi abin da zai duba, ya dube shi har ya ƙoshi, mu dawo gindin tsamiya a gina shi da yumɓu ko a zana. Launi kuwa da gawayi da jar ƙasa da ruwan baba muke yi. Muna da wani wasa da na ƙirƙiro: yaro ɗaya ya zama zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiya, saura su zama kwaɗi suna tsalle suna kuka, duk wanda ya motsa lokacin da zalɓe ya buɗe ido an cinye shi. Daga nan suke gane wa ke cin wa, da abin da zai faru idan zalɓe ya yi yawa ko kwaɗi suka ƙare. Iyaye sun sha yi mini tsiya. Wani mahauci ya tare ni a kasuwa ya ce, "Malam, mun kai ɗiya boko su zan likita, kai ko ka maishe muna su magina." Malamin kwaɗi suke ce mini a bayan ido, wasu ma a gaban ido. Ban damu ba. Waɗannan su ne shekarun da na fi jin daɗin rayuwata.

Sai ga shekarar da aka ba ni shugabancin makarantar. Kaka ta daɗe da rasuwa. Yara sun yi yawa, aji biyu suna zaune a gindin itace, da hadari ya taso an tashi karatu ke nan. Aka aiko mana daga sama cewa idan ba mu samu ɗakuna kafin damina ba, za a kwashe manyan azuzuwa a haɗe su da makarantar wani gari mai nisa. Na san abin da wannan ke nufi. Maza za su taka, amma babu uban da zai bar 'yarsa ta yi wannan tafiya kullum. Na tara gari, aka yarda za a yi aikin gayya a buga tubali. Muka fara a gefen tafki kamar yadda aka saba, sai tubalin ya riƙa rugujewa, domin shekara da shekaru ana ɗiba, ƙasar gefe ta koma rairayi. Ga bazara ta yi nisa, gabas ta fara haɗa gira. Na tsaya ina kallon cibiya, baƙa, mai santsi, ba a taɓa taɓa ta ba. Na ce a shiga.

Wani tsohon magini, wanda ya yi zamani da Kaka, ya jawo ni gefe. Bai ɗaga murya ba.

"Malam, kai da bakinka? Wurin ga tun kakanni ba a tona shi."

Na ce, "Baba, kamu biyu kawai za mu ɗiba, kuma bana kaɗai. Damina ɗaya za ta cike shi. Ɗiyanmu mata za mu bari su zamna gida saboda laka?"

Ya dube ni. Ya ce, "Kai ka yi karatu. Amma ƙarƙashin baƙar nan rairai na. In ka huda ta, ba ta ɗinkuwa."

Na yi masa irin murmushin da ɗan boko ke yi wa tsoho, wanda har yau idan na tuna nakan ji kunya ta rufe ni. Na karɓi diga na fara sara da hannuna don kowa ya saki jiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne murnar da aka yi a ranar. Kowane sara sai ga gaiwa a naɗe. Samari suka yi ta ihu suna jefa su a tsibi, aka hura wuta a bakin tafki, ƙamshi ya cika wurin, aka ce ai walimar gayya ce Allah ya kawo. 'Yan ajina suna tsaye suna kallo. Wata yarinya, wadda ta fi kowa iya gini, ta matso ta ce, "Malam, ba kai kac ce kwana sukai ba?" Na ce ta je ta kawo wa masu aiki ruwa. Kamu biyun da na faɗa ya zama huɗu, domin tubalin ya yi kyau ƙwarai, kuma ba a tsayar da gayya idan ta yi zafi. A kwana na uku bakin diga ya fito da farin rairayi. Tsohon maginin ya gani, ya saɓa mayafinsa ya tafi gida.

Mun gina ɗakuna biyu masu kyau. 'Yan mata sun zauna, wasunsu sun yi nisa a karatu, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban yi farin ciki ba. Damina ta zo tafki ya cika, na ce a raina ka ji tsoron banza. Amma kafin a gama yankan gero ruwa ya ja baya, kafin a dasa albasa ya tafi ƙaf, alhali a da yakan kai mu har tsakiyar rani. Shekara ta biyu ya fi saurin tafiya. Bado bai dawo ba. Kuma abin da ban lissafa ba shi ne mutane. Tunda jikan maginiya, malamin kwaɗi da kansa, ya sa diga a cibiya, wa kuma zai ji nauyi? Duk mai ginin ɗaki ya nufi can. Daga baya da albasa ta yi daraja, motoci suna ta lodi zuwa Aliero, aka bi gefen da gonaki, aka kafa injuna, ɗan ruwan da ya taru a zuƙe shi cikin mako, ragowar maganin feshi kuma ya gangara ciki. Ba ni na kawo injin ba, ba ni na kawo feshi ba. Amma ni na buɗe ƙofar, kuma na sani tun ina yaro cewa ba a buɗe ta. Yau wurin rami ne mai cike da leda, awaki ke kiwo a ciki.

Na ci gaba da darasin Alhamis na 'yan shekaru, ina kai yara bakin abin da ya rage. Daga baya na daina. Ba na iya tsayawa a wurin.

Watannin baya wata malama matashiya ta yi sallama a gidana. Ɗiyar yarinyar nan ce da na aika ɗebo ruwa ranar gayya, ita ke koyarwa yanzu a ɗakunan da muka gina, an dai shafe su da siminti an sa kwano. Ta durƙusa ta gaishe ni ta ce, "Baba, Inna ta ba ni labarin wasan zalɓe. Ina son ka taho ka yi wa ɗiyan ajina. Ga littahi akwai darasin abubuwan ruwa, ni ko ban taɓa ganin rabinsu ba." Na so in ƙi, na kawo ciwon gwiwa, ta ce za ta aiko da babur. Na je. Ta yi ƙoƙari, ta sayo takardu da alli mai launi daga Jega, yumɓu kuwa sai da ta roƙa daga wajen Danwarai, don namu babu. Yaran masu kaifin kai ne. Wasan ya karɓe su nan da nan, suka yi ta tsalle suna dariya har na manta da gwiwata. Sai dai da na ce su yi kukan burduddugi, suka dubi juna. Ni na yi musu, tsoho da furfura ina kumbura kumatu, suka kwaikwaye ni. Ba kwaɗo suke kwaikwayo ba, ni suke kwaikwayo, kuma babu inda zan kora su su je su ji na gaske.

Da aka zo zane, na riƙa ba su labarin halittun ɗaya bayan ɗaya suna zanawa daga bakina. Na faɗa musu wata 'yar tsuntsuwa mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado ba ta nutsewa, wadda a gidanmu ake ce wa amaryar bado, ban kuma taɓa sanin wani sunanta ba. Wata yarinya 'yar siririya da ke zaune a gaba ta ɗauke ta. Ta yi yatsun daidai, ta yi jikin ja-ja kamar yadda na ce, ta yi wuyan. Sannan ta taso da takardar da kwalin alli ta tsaya a gabana.

"Baba Malam, goshinta fa? Ka ce akwai wani launi ga goshi. Wane na?"

Na buɗe baki. Na san akwai launi, ina ganin tsuntsuwar tana taka ganye, ina ganin ruwa na rawa a ƙarƙashinta, amma goshin ya ƙi zuwa. Shuɗi ne ko rawaya? Na dubi launukan allin da ke cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya ko wani zai tuna mini. Malama ta ciro waya ta yi ta nuna mini tsuntsaye iri-iri, idona bai iya rabe su, kuma ba mu san sunan da za mu nema ba. Na lissafa waɗanda zan tambaya, na tarar duk suna maƙabarta. Da na ce shuɗi da ta shafa, babu wanda zai kama ni. Amma ni aka kora tafki a kan yatsa ɗaya na kwaɗo, ba zan iya ba.

Na ce, "Ɗiyata, na mance."

Ta ce, "To mu tai mu dubo mana. Ina take?"

Duk 'yan ajin suna jiran in faɗi wurin. Na ce babu ita yanzu, tafkin ya ƙafe tun kafin a haife su. Wani yaro daga bayan aji ya ce wa ya ƙafar da shi. Malama ta yi sauri za ta kawar da zancen, na ɗaga mata hannu. Na ce ni ne. Na faɗa musu yadda aka yi, ban rage komai ba, har da gaiwar da aka gasa. Ban san ko sun gane ba. Yarinyar dai ta tsaya tana kallon hawayen da ke bin gemuna, irin kallon da yara ke yi idan babba ya yi abin da ba su saba gani ba. Sannan ta mayar da allin cikin kwali ta rufe.

"Ba komi, Baba Malam. Ni bar shi hakanan har ka tuna."

Malama ta liƙa zanen a bango tare da na saura. Nakan bi ta makarantar wani lokaci idan zan je masallacin Juma'a, in leƙa ta taga. Yarinyar tana ganina sai ta ɗaga gira tana tambaya, ni kuma in girgiza kai. An shiga wata na huɗu ke nan, goshin tsuntsuwar yana nan fari.